TARIHIN MALAM SULAIMANA KANTE NA KANKAN, MAI RUBUTUN N'KO (1922-1987)

Muna farawa da sunan Allah, muna gode maSa, Shi da Ya halicci ɗan Adam, Ya ba shi baki da harshe, Ya hore masa alƙalami. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, a wannan fitowa mun ga ya dace mu kawo muku tarihin wani malami na ƙasar Gini, wato Malam Sulaimana Kante, wanda mutanensa ke kira Fode Solomana Kante. Sunansa bai yaɗu a masallatanmu ba, amma a ƙasashen Gini da Mali da Kodebuwa sananne ne ƙwarai. Shi ne ya ƙago haruffan da ake kira N'Ko, ya tsara wa harshen mutanensa ƙa'idojin rubutu, ya yi masa ƙamus da nahawu, ya kuma fassara ma'anonin Alƙur'ani mai girma a cikinsa. Tambayar da ya shafe rayuwarsa yana neman amsarta tana gabanmu mu ma: ta yaya za a gyara harshen uwa har ya iya ɗaukar ilimi da addini, kuma ina ne iyakar tsarkake harshe daga kalmomin aro?

ƘASARSA DA MUTANENSA

Malam Sulaimana ɗan ƙabilar Maninka ne, ɗaya daga cikin rassan mutanen Mande, magadan tsohuwar daular Mali. Harshensu ya rarrabu gida-gida. Akwai Maninka a arewa maso gabashin Gini, da Bambara a Mali, da Jula a Kodebuwa da Burkina Faso, da Mandinka a Gambiya da kudancin Senegal. Waɗannan mutane ba baƙinmu ba ne. Su ne Hausawa suka sani da sunan Wangarawa, kuma tarihin Kano ya nuna cewa malamansu sun iso birnin daga Mali a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, suka ƙarfafa Musulunci a can. Birnin Kankan kuwa, wanda shi ne cibiyar malanta ta ƙasar Maninka, yana bakin kogin Milo ne, kuma ruwan Milo yana zuba cikin babban kogin nan da ke ratsa Yamai.

Miliyoyin mutane ke magana da wannan harshe, amma a zamanin mulkin Faransa an mai da shi ƙaramin harshe. A lakwal da biro da kotun Nasara, Faransanci kaɗai ke da daraja. A zauren malamai kuwa Larabci ake rubutawa, harshen gida sai dai a yi fassarar baka da shi. Iyakokin da Turawa suka shata sun raba masu harshen tsakanin ƙasashe da dama, har aka riƙa ɗaukar kowane reshe tamkar wani yare dabam.

HAIHUWARSA DA KARATUNSA

An haifi Malam Sulaimana a shekarar 1922 a wani ƙauye kusa da Kankan, ya kuma tashi a garin Sumankoyi inda mahaifinsa, Malam Amara Kante, yake da babbar makarantar allo da ta ilimi. Almajirai suna zuwa wannan makaranta daga wurare masu nisa, kowa da karin harshensa, saboda haka tun yana yaro kunnensa ya saba da jin kalma guda ana furta ta ta hanyoyi dabam-dabam. A hannun mahaifinsa ya yi karatun Alƙur'ani da littattafan Larabci, kamar yadda ƴaƴan malamai ke yi a ƙasarmu. Bai shiga lakwal ɗin Nasara ba.

Mahaifinsa ya rasu a 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aikin tilas da ƙarin haraji suka takura wa talakawan ƙasashen da Faransa ke mulka. Makarantar ta yi rauni, almajirai suka watse. Sai Sulaimana, yana ɗan shekara ashirin, ya bi sahun samarin ƙasarsa zuwa Kodebuwa neman abin kai. Ya zauna a Buwake, daga baya ya gangara yankin Abijan, yana kasuwanci yana kuma karatu. A can ya koyi Faransanci da ƙoƙarin kansa, ya zama mutum mai karanta duk takardar da ta faɗo hannunsa.

LITTAFIN DA YA TAYAR MASA DA HANKALI

A 1944, yana Buwake, ya ci karo da rubutun wani ɗan jarida ɗan ƙasar Labanan mai suna Kamil Muruwwa, wanda ya zagaya Afirka ta Yamma ya rubuta littafi da Larabci a kan ƴan ƙasarsu mazauna wannan yanki. Bisa ga yadda Malam Sulaimana da almajiransa suka ba da labari, a cikin littafin an ƙasƙantar da harsunan baƙar fata, an nuna cewa ba su da nahawu, ba su kuma rubutuwa. Wannan magana ta sosa masa rai matuƙa, musamman da yake ta fito ne cikin harshen da ya fi girmamawa.

Abin lura a nan shi ne yadda ya mayar da martani. Bai tsaya ga zagi ko ƙorafi ba. Ya ɗauki alƙalami domin ya gwada da hannunsa ko maganar gaskiya ce. Ya san cewa malamai sun riga shi rubuta harsunan Afirka da ajami. A Futa Jalon, maƙwabtan ƙasarsa, Cerno Samba Mombeya ya tsara hukunce-hukuncen addini cikin waƙen Fulatanci tun farkon ƙarni na 19, a daidai zamanin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ƴarsa Nana Asma'u suke wa'azi da waƙoƙin Fulatanci da Hausa a wannan ɓangare namu. Saboda haka da ajami ya fara.

SHEKARU BIYAR NA GWAJI

Matsalar da ya tarar kowane mai rubutun ajami ya san irinta. Larabci yana da wasula uku ne: wasali bisa, wasali ƙasa da rufu'a. Malamanmu na Hausa sun ƙara da ɗigon imala da suka samo daga ƙira'ar Warshu, duk da haka mai karatun ajami yakan yi ta lalube kafin ya gane kalma. To, harshen Maninka wasula bakwai gare shi, kowanne yana iya zama gajere ko dogo, yana kuma iya fita ta hanci. Akwai baƙaƙen da babu su a Larabci, kamar sautin gb. Bayan wannan duka ga karin sauti, wato hawa da saukar murya, wanda ke bambanta ma'ana. A Bambara kalmar so tana nufin gida, tana kuma nufin doki, sai ta karin murya ake rarrabe su. Mu ma mun san haka a Hausa: gari na zama da gari na tuwo, wuya ta jiki da wuya ta wahala, fari na launi da fari na rashin ruwan sama, duk rubutunsu ɗaya ne a boko, sai mai karatu ya duba abin da ke gaba da baya.

Da ya ga ajami bai biya masa bukata ba, sai ya koma ga haruffan boko, waɗanda ya ga ƴan mishan sun rubuta wasu harsunan bakin teku da su. Nan ma ya tarar sai ya ɗora wa kowane wasali alamomi bisa alamomi kafin ya nuna abin da baki ke furtawa. Bayan kimanin shekara biyar yana wannan gwaji, ya yanke shawarar ɗinka wa harshen rigar da ta dace da jikinsa.

Ranar 14 ga watan Afrilu 1949, a garin Bingerville kusa da Abijan, ya kammala haruffansa. Ya sa musu suna N'Ko, ma'anarsa na ce, domin da wannan lafazi ne dukkan rassan Mande ke buɗe magana. Wasula 7 ne, da baƙaƙe kimanin 20, da ƙananan alamomi a bisa wasali masu nuna tsawo da karin sauti, da ɗigo a ƙarƙashi mai nuna fita ta hanci. Ana rubuta su daga dama zuwa hagu, haruffan kuma suna haɗuwa da juna a kan layi, kamar yadda idon almajiri ya saba. Har lambobin ƙirga ya yi musu nasu siffofi. Ya fara koyar da danginsa da abokan kasuwancinsa, su kuma fatake suka ɗauki rubutun tare da hajarsu zuwa garuruwa. Mutumin da ya koya yakan koya wa wani, littafi kuma da hannu ake kwafe shi.

KANGBE, WATO TATACCEN HARSHE

Ƙago haruffa rabin aiki ne. Da an ce za a rubuta littafi domin mutanen Kankan da na Bamako da na Bobo Julaso baki ɗaya, sai tambaya ta taso: da bakin wa za a rubuta? Kalmar sani, mutumin Kankan lon yake cewa, mutumin Bamako ya ce don. Fari kuwa, wancan ya ce gbe, wannan ya ce je. Idan kowa ya rubuta yadda yake furtawa, littafi ba zai ƙetare iyakar lardinsa ba.

Malam Sulaimana ya tsara wani salon rubutu da ya kira kangbe, wato bayyanannen harshe ko tataccen harshe. Ya nazarci manyan rassan nan huɗu, ya nuna yadda sautukansu ke musanya da juna bisa ƙa'ida, ya kuma fifita cikakkiyar siffar kalma a kan wadda saurin magana ya gutsure. Manufarsa ita ce a rubuta abu guda, kowa ya gane shi, ko da zai furta da karin garinsu. Ya rubuta littattafan nahawu mataki-mataki, ya ƙago sunayen sassan magana da harshen kansa, ya kuma tattara ƙamus mai kalmomi fiye da 30,000, inda ake bayyana kalmar Mande da harshen Mande, ba tare da an jingina da Faransanci ko Larabci ba.

Daga nan ya shiga aikin tace harshe daga kalmomin aro. Inda mutane suka saba da kalmar Faransanci, ya nemi tsohuwar kalma wurin dattawa da maroƙa da maharba da masu magani, idan bai samu ba ya ƙera sabuwa daga saiwoyin harshen. Maimakon kalmar lakwal da aka aro, masu rubutun N'Ko karanta suke cewa. Littafi kuwa kafa suke kiransa, sun bar kalmar da ta fito daga Faransanci da wadda ta fito daga Larabci. Ranakun mako da watannin shekara ma an ba su sunaye na Mande. Da irin waɗannan kalmomi ya rubuta littattafai fiye da ɗari, a kan addini, da tarihin daular Mali da na Samori Ture, da lissafi, da ilimin taurari, da magungunan gargajiya, domin shi kansa mai ba da magani ne, ya kuma rubuta sunayen itatuwa da cututtukan da suke warkarwa don kada ilimin ya bi tsofaffi kabari.

A nan akwai wani abin sha'awa da ya kamata mu tsaya a kansa. Kalmar nan karanta, wadda aka ɗauka domin a kauce wa aron Faransanci, saiwarta karan ce, ita kuwa daga Larabci ta fito, daga tushen da ya ba mu ƙira'a da Alƙur'ani. Daga wannan tushe ne mu ma muka samu karatu da makaranta. Kalmar ta daɗe a bakin mutanen Mande har ta zama ƴar gida, babu mai jin baƙuncinta. Wannan ya nuna mana cewa babu harshen da za a wanke shi tas daga aro, kuma shi kansa Malam Sulaimana bai kori kowane baƙo ba.

FASSARAR ALƘUR'ANI

Babban abin da ya dame shi tun farko shi ne halin da karatun addini ke ciki. Yaro yakan shekara da shekaru a gaban allo, ya sauke, ya girma, ya tsufa yana salla, alhali bai san ma'anar abin da yake karantawa ba. Mata da manoma da ƴan kasuwa kuwa sai abin da suka tsinta a bakin mai tafsiri cikin watan azumi. A shekarun 1940 wasu samari da suka yi karatu a Azhar sun komo Bamako suka buɗe madarisoshi, suna ganin maganin wannan cuta shi ne a koyar da Larabci a matsayin harshe tun daga ƙuruciya. Malam Sulaimana ya yarda da cutar, amma yana ganin ilimi ya fi saurin shiga zuciya, ya fi kuma daɗewa a cikinta, idan ya zo da harshen da mutum ya sha a nono. Aya ta 4 a Suratu Ibrahim, wadda ke bayyana hikimar aiko manzanni da harsunan mutanensu, da aya ta 22 a Suratur Rum, wadda ta lissafa bambancin harsuna cikin ayoyin Allah, sun isa hujja ga mai wannan ra'ayi.

Saboda haka ya fassara ma'anonin Alƙur'ani gaba ɗaya da kangbe. A cikin wannan aiki ne tace harshensa ya fi fitowa fili, a nan ne kuma ya fi jawo magana. Ya bar sunan Allah yadda mutanensa ke furta shi, ya bar kalmar salla, amma ya sanya kalmomin Mande a wurare da yawa da aka saba jin Larabci. Rabbu ya ce Maari. Manzo ya ce kela. Sura ya kira ta foda, aya kuma lafari.

Wasu malamai sun ƙi wannan aiki. Daga cikinsu akwai masu tsoron kada jahili ya ɗauki fassara a matsayin Alƙur'ani, ko almajirai su yi sakaci da Larabci. Akwai masu ganin kalmomin shari'a suna da iyakokin da malaman fiƙihu suka shata musu, kuma idan aka musanya su da kalmomin gargajiya, tsohuwar ma'anar da ke manne da kalmar tana iya biyo ta cikin masallaci. Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma bai kamata a yi masa dariya ba. Amma hukuncin da malamai suka tsaya a kai sananne ne: fassara bayanin ma'ana ce, ba a salla da ita, ba ta kuma maye gurbin nassi. Bisa wannan sharaɗi ne Cibiyar Sarki Fahad ta buga Alƙur'ani da ke Madina ta buga fassarar Malam Sulaimana bayan rasuwarsa, nassin Larabci a gefe, bayaninsa da haruffan N'Ko a gefe, kamar yadda ta buga fassarar Hausa ta Shehu Abubakar Mahmud Gumi.

TSAKANINSA DA HUKUMA

Gini ta samu mulkin kai ranar 2 ga Oktoba 1958, Malam Sulaimana kuma ya koma gida da fatan sabuwar gwamnati za ta karɓi rubutunsa. Hakan bai samu ba. A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako domin daidaita yadda za a rubuta manyan harsunan Afirka ta Yamma da haruffan boko. Harshen Mande yana cikin waɗanda aka duba, tare da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. A 1968 gwamnatin Seku Ture ta shigar da harsunan ƙasa cikin makarantun firamare, da farko guda takwas, dukkansu da haruffan boko. Aka bar N'Ko a waje. Gwamnatin da ke fama da haɗa kan ƙabilu ba ta son rubutun da ake dangantawa da ƙabila guda, ko da kuwa ƙabilar shugaban ƙasa ce.

Malam Sulaimana ya ci gaba da zama a Kankan, yana kasuwanci, yana ba da magani, yana rubutu, yana karantarwa ba da kuɗin hukuma ba. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da zama a Gini ya yi wa mutane da yawa tsanani, ya fita ya zauna a Bamako da Kodebuwa, inda ya ƙara samun almajirai, sa'an nan ya komo gida cikin shekarun 1980. Seku Ture ya rasu a watan Maris 1984, sojojin da suka karɓi mulki kuma suka soke koyarwa da harsunan ƙasa, aka koma Faransanci zalla. Shirin da hukuma ta ɗauki shekara 16 tana kashe wa kuɗi ya rushe cikin ɗan lokaci, saboda ƙarancin littattafai da ƙwararrun malamai, da kuma rashin amincewar iyaye. N'Ko kuwa, wanda ba shi da gata sai na fatake da manoma da masu magani, ya ci gaba da yaɗuwa, domin duk wanda ya koye shi yana samun abin karantawa da ke amfaninsa a duniya da lahira.

RASUWARSA DA ABIN DA YA BARI

A 1986 almajiransa suka kafa ƙungiyar ICRA-N'Ko domin yaɗa rubutun. Allah Ya yi wa Malam Sulaimana rasuwa a Konakiri ranar 23 ga Nuwamba 1987, yana da shekara 65, akasarin littattafansa kuma suna rubutun hannu. Bayansa ne aka shiga buga su, musamman a Alƙahira ta hannun Baba Mamadi Jane, wanda ya fitar da babban ƙamus ɗin a 1992. A 2006 aka shigar da haruffan N'Ko cikin tsarin Unicode, wato rajistar haruffan duniya da kwamfuta da wayar salula ke aiki da ita. A 2019 aka buɗe sashen Wikipedia na N'Ko, a 2024 kuma kamfanin Google ya sanya shi cikin harsunan da na'urarsa ke fassarawa. Ranar 14 ga Afrilu ta zama ranar da masu wannan rubutu ke taruwa kowace shekara domin tunawa da shi.

Adalci ya sa mu ambaci abin da ake sukar aikinsa da shi. Kangbe ya fi karkata ga bakin mutanen Kankan, har wasu masu Bambara da Mandinka suna jin kamar an ɗora musu karin wasu. Haka kuma wasu daga cikin sababbin kalmomin sun fi na aron wuyar ganewa, sai mai karatu ya nemi malami ko ƙamus kafin ya fahimci abin da aka ce an rubuta da harshen uwarsa.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Na farko, harshe ba ya ɗaukaka da kirari. Malam Sulaimana ya ji zafin raini, ya amsa shi da nahawu da ƙamus da littattafai. A watan Maris 2025 dokar sake gina ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Abin da ya faru a Gini tsakanin 1968 da 1984 ya isa ya nuna mana cewa doka kaɗai ba ta raya harshe. Littattafan fiƙihu da sira da gado da tarbiyya da za a rubuta da Hausa mai kyau, da malaman da za su koyar da su, su ne za su ba wannan matsayi ma'ana, kuma masallatai da makarantun Islamiyya suna da babban rabo a wannan aiki.

Na biyu, tace harshe bawan fahimta ne. Magabatanmu sun bar mana ma'auni mai kyau. Sun ce Ubangiji, sun ce Manzo, sun ce tsarki da tsoron Allah, domin Bahaushe ya san waɗannan kalmomi tun daga gida da fada. Amma sun bar salla da zakka da hajji da aljanna da halal da haram yadda suke, domin su ne igiyar da ta ɗaure mu da sauran Musulmin duniya, kuma shari'a ce ta shata iyakokinsu. Littafi da alƙalami da tawada da lokaci da labari duk baƙi ne da suka zama ƴan gari. Abin da ya kamata a yaƙa shi ne aron ƙasaita, inda mai wa'azi zai cika hudubarsa da Larabcin da bai fassara ba, ko ma'aikaci ya cakuɗa Faransanci a cikin kowace jimla, alhali tsohuwar da ke bayan sahu ba ta tsinci komai ba. Haka nan wanda zai ƙera kalmar da ba mai gane ta sai shi, ya faɗa ramin da yake gudu.

Na uku, ƙa'idar rubutu alheri ce muddin ba ta zama sandar duka ba. Daidaitacciyar Hausa a kan bakin Kano aka gina ta, ita ce kuma ta sa littafin da aka buga a Zariya ake karanta shi a Tawa. Ya kamata mu koye ta, mu rubuta da ita. Amma wanda ya ce lahiya ko hwari, ko ya ce shi na maimakon shi ne, bai yi kuskure ba, bakin kakanninsa ya yi. A cikin Katsinancin Maraɗi da Damagaranci da Adaranci da Gobiranci da Arewanci akwai tsofaffin kalmomi masu daraja waɗanda ƙamus bai kamata ya rasa su ba. Mai neman kalmar da za ta maye gurbin ta aro, ya fara tambayar dattawan ƙauyensu, kamar yadda Malam Sulaimana ya yi.

Na huɗu, wanda aka taɓa raina harshensa bai kamata ya raina na wani ba. A ƙasar nan akwai ƴan'uwanmu masu magana da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci, akwai kuma masu harsunan da jama'arsu ba ta da yawa, kamar Tubanci da Gurmanci da Buduma da Tasawak na mutanen Ingal. Kowannensu yana da haƙƙin ya ji saƙon Allah da harshen da ya fi ratsa zuciyarsa. Idan Hausa ta samu ɗaukaka, to ta zama inuwa gare su, mu taimaki malamansu su rubuta nasu littattafai.

Na biyar, duk wannan ba ya rage wa Larabci matsayinsa. Malam Sulaimana bai iya fassara Alƙur'ani ba sai da ya ƙoshi da Larabci a gaban mahaifinsa. Mai son ya shayar da mutane da harshensu, dole ne ya ɗebo daga rijiyar asali. Mu tura ƴaƴanmu maza da mata su koyi harshen Alƙur'ani da kyau, sa'an nan su komo su bayyana mana shi da harshen da muke ji.

Muna roƙon Allah Ya jiƙan Malam Sulaimana Kante, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sanya abin da ya rubuta na alheri cikin ma'auninsa. Ya jiƙan malamanmu da iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya. Ya ba mu ilimi mai amfani da harshe mai faɗin gaskiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu cika da imani. Amin.